Gudummawar Iyaye Wajen Koya wa Ƙananan Yara Tsallaka Titi: Nazari a Kan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ƙananan yara, 'yan shekara 4 zuwa 10, suke mu'amala da titi a Gyaɗi-Gyaɗi da maƙwabtanta cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. Ta dogara ne a kan lura ta mazaunin unguwa da kuma abin da masana suka gano a wasu ƙasashe. Hujjarta ita ce, tsallaka titi aiki ne da ake koyo a bakin titi, hannun yaro cikin hannun babba, kuma haddar da ake biya wa yara a aji ba ta isa ta maye gurbin wannan ba. Ta kuma nuna cewa horon yana da iyaka, domin akwai titin da bai kamata a bar ƙaramin yaro ya tsallaka shi kaɗai ba, komai wayonsa.

1.0 Gabatarwa



Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka rasu a haɗuran hanya a shekarar 2021, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mace-macen suna faruwa ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Mu a Kano ba sai an karanta mana rahoto ba. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya sashen haɗari na Asibitin Murtala, ko Asibitin Ƙashi na Dala, ya ga yaron da aka naɗe wa ƙafa, uwarsa tana zaune a gefen gado tana yi masa fifita.

Idan irin wannan ta faru, abin da muke cewa shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, kuma magana ce mai sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi, shi ne kuma ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. A kan wannan sababin nake son mu tsaya yau.

2.0 Unguwar da titunanta

Tarauni ƙaramar hukuma ce mai mazaɓu 10, biyu daga ciki Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000, kuma kowa ya san gidaje da shaguna sun ƙaru tun daga lokacin. Abin da ya bambanta ta da unguwannin cikin ganuwa shi ne manyan tituna sun ratsa ta sun kewaye ta. Titin Zariya, wanda motocin da suka fito daga Kaduna da Abuja suke shigowa ta kansa, ya bi ta Unguwa Uku da tasharta, ya wuce gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ga Titin Maiduguri, ga Titin Gidan Zu da cunkoson da ya ƙaru tun da aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a 2014, ga kuma Titin Kotu a tsakiyar Gyaɗi-Gyaɗi. An yi Gadar Lado, an yi ta Dangi. Gadojin sun sauƙaƙa wa direba, ba shakka, sai dai motar da a da cunkoso yake tilasta mata ta yi sannu, yanzu da gudunta take gangarowa, kuma a gindin gangaren ne mutane suke tsallakawa.

Abin hawan ma ya sauya. A 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka shigo da babur mai ƙafa uku domin ɗaukar mata, ya kuma gaji sunan shirin A Daidaita Sahu. Da aka hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, sai adaidaita ta zama motar kowa. Ita ce take tsayawa ko'ina aka ɗaga mata hannu, ita ce take kutsawa lungu, ita ce kuma take kai ɗimbin yara makaranta. Ƙara da 'yar ƙurƙura mai dakon kaya, da tifar yashi, da tirela, da babur ɗin maigida, sai ka ga irin titin da muke tura ɗan shekara 6 ya tsallaka.

Kuma yaron Kano ba sau ɗaya yake fita a rana ba. Da safe boko, bayan la'asar Islamiyya, wani da daddare makarantar dare, Asabar da Lahadi tahfiz. Tsakanin waɗannan ga aike: kai markaɗe, sayo magi, miƙa abinci gidan kaka. Tashin Islamiyya kuwa yakan zo daidai da lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa suke rububin komawa gida, haske ya fara ja baya, a lokacin hunturu ga hazo.

3.0 Me ya sa yaro ba ƙaramin babba ba ne a kan titi

A nan nake son in ɗan daɗe, domin a nan kuskurenmu yake. Muna ganin yaro ya haddace izu biyu, ya iya lissafin canji, sai mu ɗauka ya iya titi. Masaniyar halayyar yara 'yar Suwidin, Stina Sandels, tun a shekarun 1960 ta nuna cewa ƙaramin yaro ba ya iya haɗa abubuwan da titi yake buƙata a lokaci guda. Dalilan a fili suke ga duk wanda ya yi raino.

Gajere ne. Adaidaitar da aka ajiye a bakin titi, babba yana leƙa ta samanta ko ta gefenta, amma ga ɗan shekara 5 bango ce. Ba ya ganin abin da ke tahowa, direban da ke tahowa shi ma ba ya ganinsa. Sannan hankalinsa wuri ɗaya yake tafiya. In ya hango yayarsa a tsallake, ko ƙwallo ta gangara, ko mai askirim ya danna ƙararrawa, duk abin da ke tsakaninsa da wurin ya ɓace masa. Kunnensa yana jin ƙarar mota amma bai cika gane ta inda take fitowa ba. Mafi girma duka, bai iya auna gudu ba. Yana kallon nisan mota ne, ba saurinta ba.

Mu yi ɗan lissafi. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Hannu ɗaya na titi mai layi biyu faɗinsa kimanin mita 7 ne. In yaro yana taka kimanin mita ɗaya a daƙiƙa, yana buƙatar daƙiƙa 7, kuma cikin wannan lokacin motar ta shafe fiye da mita 100, wato tsawon filin ƙwallo. Motar da yaron yake gani can nesa 'yar ƙarama, ita ce za ta riske shi kafin ya kai tsakiya.

Binciken da Ampofo-Boateng da Thomson suka buga a 1991, a kan yara 'yan shekara 5 zuwa 11, ya ƙara wani abu mai tayar da hankali. Ƙananan cikinsu suna yanke hukuncin cewa wuri ba shi da haɗari ne in dai ba su ga mota ba. Saboda haka wurin da ya fi kowane haɗari, kamar kwana ko bayan motar da aka ajiye, shi suke ɗauka mafi aminci, tunda daga nan ba a ganin komai. Wani bincike kuma na Jami'ar Iowa ta Amurka, wanda ya fito a 2017, ya nuna cewa daidaita lokacin taka ƙafa da tazarar motoci ba ya kai na manya sai wajen shekara 14.

Ku zo mu tsaya a bakin Titin Kotu da yamma. Ga yarinya 'yar kimanin shekara 9, hijabinta har ƙasa, jaka a rataye, ta riƙo ƙanenta da hannun dama, ƙanwarta ta kama gefen hijabin. Sun tsaya a bayan wata adaidaita da ke sauke fasinja. Ta leƙa sau ɗaya, ta ce musu, "Ku taho, ku yi gudu!" Suka kwasa. A tsakiyar titi silifas ɗin ƙaramin ya fice, ya fizge hannunsa ya juya zai ɗauka. Mai babur ya taka birki, ya yi salati, mai shayi ya daka tsawa, yaran suka ƙarasa suna haki. Ba wanda ya ji ciwo, shi ya sa ba wanda zai rubuta wannan a wani littafi. Amma duk abin da masana suka lissafa yana cikin waɗannan daƙiƙoƙi: wurin da ba a gani, leƙe ɗaya, gudu, da hankalin da ya koma kan takalmi. Yarinyar kuwa ba ta yi laifi ba. An ɗora mata aikin da ya fi shekarunta.

4.0 Abin da ake koyarwa, da inda ya gaza

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988, kuma tana da kulob-kulob na kiyaye haɗari a makarantu, masu yi wa ƙasa hidima ma suna da nasu. Jihar Kano ta kafa tata hukumar, KAROTA, a 2012. Jami'an hukumomin nan sukan shiga makarantu su yi lacca, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai lacca a filin asambuli, yara ɗari biyar a tsaye cikin rana, tana ba yaro magana ce, ba ta ba shi ƙwarewa. Zai iya rera ma "tsaya, duba, saurara" ba gargada, ya fita ƙofar makaranta ya faɗa titi a guje.

Akwai kuma wani gyara da ya kamata kowane malami ya sani. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972. Ma'ana, in ka tsaya a bakin titi, motar da ta fi kusa da kai daga hagunka take fitowa. Don haka tsarin shi ne duba hagu, duba dama, sake duba hagu. Wanda ya ɗauko darasi daga littafin Ingila, inda ake tuƙi a hagu, ko ya gada daga malamin da ya yi karatu kafin 1972, zai koya wa yaro akasin haka. Sannan a Kano dole a ƙara masa cewa ko titin hannu ɗaya ne sai ya duba ɓangare biyu, saboda masu bin wanwe.

5.0 Abin da wasu suka gwada

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fage da dama ta gida suka bi. Norwe ta fara kulob ɗin zirga-zirga na yara a 1966, inda ake aika wa iyaye ƙananan littattafai su yi aiki da 'ya'yansu. Ingila ta yi Kulob ɗin Tufty a 1961. Amma wanda ya fi dacewa da mu shi ne shirin Kerbcraft, da James Thomson da abokan aikinsa na Jami'ar Strathclyde suka gwada a shekarun 1990 a Drumchapel, wata unguwar talakawa a birnin Gilasgo. Ba su nemi ƙwararru ba. Iyayen unguwar suka horar, kowane ya ɗauki yara biyu ko uku 'yan shekara 5 zuwa 7, ya fita da su kan titunan da suke bi kullum. Abu uku kawai ake koyarwa: zaɓen wurin tsallakawa, tsallakawa kusa da motocin da aka ajiye, da tsallakawa a mahaɗa. Kuma babban ba ya ba da amsa, tambaya yake yi. Yaran da suka samu wannan horo sun fi takwarorinsu iya zaɓen wuri, kuma abin ya zauna musu bayan watanni. Hausawa sun riga sun faɗa, gani ya kori ji.

6.0 Su wa ke riƙe da hannun yaron a Gyaɗi-Gyaɗi

Ba za mu kwafo shirin Gilasgo yadda yake ba, domin gidajenmu ba irin nasu ba ne. Maigida ya fita Kwari ko Singa ko ofis tun da sassafe. Uwa tana cikin gida, da goyo da girki, wata ma ba ta fita sai da dalili. Wanda yake raka yaro a zahiri shi ne yaya ko yayar da ta girme shi da shekara uku, ko ɗan sahu, wato mai adaidaita, da aka yi wa kwantiragin wata, ko almajirin gida. Duk shirin da ya kira iyaye taro ya manta da waɗannan, ya bar masu aikin a waje.

Ga yadda nake ganin rabon aikin. Uwa ita ce mai aike, saboda haka ita ce mai hukunci na farko: aiken da sai an tsallaka babban titi ba na ɗan ƙasa da shekara 10 ba ne, ko da kuwa miya za ta kwana ba magi. Ita ce kuma take faɗin kalmar ƙarshe a bakin ƙofa. "Yi maza ka dawo" ita muka saba faɗa, har wasu su tofa yawu a ƙasa su ce kada ya bushe. Yaron da aka sallama da wannan, a guje zai tsallaka. In ta ce masa, "Ka bi ta lungu, kada ka hau kwalta, ina jiranka ko ka daɗe," ta ba shi izinin tsayawa ya jira.

Uba kuma yana da damar da ba ya lura da ita. Tafiya masallacin Juma'a, zuwa aski, ziyarar dangi ranar Lahadi, duk darasi ne in ya so. Ya riƙe yaron a wuyan hannu, ba a 'yan yatsu ba, don kada ya zame. Ya sa shi a ɓangaren da ba na motoci ba. Idan sun iso bakin titi ya durƙusa daidai tsawon yaron, ya ga abin da yaron yake gani. Wallahi duk uban da ya yi wannan sau ɗaya a bayan adaidaita, jikinsa zai yi sanyi. Sannan ya tambaye shi: "Abba, daga nan kana hango motocin?" In ya ce a'a, "To ina za mu matsa?" Su matsa. "Waccan farar motar, za mu riga ta ko mu jira?" Su jira, su ƙirga tare har ta wuce, yaron ya ga da idonsa yadda ta iso da wuri. Minti biyar ne, amma a maimaita shi mako bayan mako a kan titin da yaron yake bi. Kuma uban ya sani, ranar da ya tsallake shingen tsakiyar titi yana waya, alhali ga gadar ƙafa a kusa, ya rushe abin da ya gina, domin ƙafarsa yaron yake kallo.

A nan zan ɗan ratse in yi maganar babur. Muna ganin uba da yara uku ko huɗu, ɗaya a kan tanki, ba mai hular kwano. Na san talauci ne da tsadar kuɗin mota, ba rashin ƙauna ba. Amma ko ba a iya komai ba, a rage gudu, a tattare hijabi da zani daga bakin taya, kada kuma a ɗora yaron da barci yake ɗauka. Ɗan sahun makaranta kuwa, iyayen da suke biyansa suna da ikon gindaya masa sharaɗi: adadin yaran da zai ɗauka, ya sauke su ta hannun dama, ɓangaren gefen titi, kuma a tsallaken da makarantar take, ko ya sauko ya tsallakar da su da kansa.

Yayye su ne ya kamata a fara horarwa, 'yan aji biyar da shida da ƙaramar sakandare. A koya musu cewa ba a gudu, ba a komawa ɗaukar abin da ya faɗi, kuma in titin ya fi ƙarfinsu su ce wa babba, "Baba, don Allah tsallakar da mu." Ban taɓa ganin dattijon da aka roƙa haka ya ƙi ba. Iyaye mata kuma ana samunsu a Islamiyyun matan aure, darasi ɗaya a zango ya isa a fara. Iyaye maza ana samunsu a masallaci da majalisa. Kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su tsara jerin masu tsayawa a bakin titi lokacin tashi, mai unguwa ya sa albarka, a nemi KAROTA ta ba su horo da riga mai ƙyalli. Yaran layi ɗaya su riƙa tafiya ayari, babba a gaba babba a baya. Ɗan ƙyalle mai ɗaukar haske da tela zai ɗinka a jaka ko a gefen hijabi ba zai kai kuɗin kati ba.

Sai almajirai da 'yan talla, waɗanda suka fi kowa daɗewa a kan kwalta, suna bin motoci a danja da bakin tashar Unguwa Uku. Iyayensu suna nesa. Alaramma da gardawa su ne a matsayin iyaye, uwar ɗakin da yaron yake yi wa aiki ita ma haka. In shirin bai shiga tsangaya ba, ya tsallake waɗanda suka fi buƙata.

7.0 Iyakar horo

Wajibi ne in faɗi wannan don kada mu ɗora wa yaro laifin manya. Bitar da Duperrex da abokansa suka buga a 2002 ta tattara gwaje-gwaje 15 na koyar da masu tafiya a ƙasa. Ta samu cewa koyarwa tana ƙara sani, tana iya gyara ɗabi'a, amma ba gwajin da ya auna ko ta rage rauni, kuma ko ɗaya ba a yi shi a ƙasa mai tasowa ba. Abin da aka tabbatar yana rage rauni shi ne rage gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau 4.5 daga gudun kilomita 50 zuwa 65. Shi ya sa Sanarwar Stockholm ta 2020 ta nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa. A Darussalam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta bi makarantun firamare tana sa tudun rage gudu, da zanen tsallakawa, da hanyar ƙafa, wani wurin ma ta sauya wa makaranta ƙofa, tare da koyar da yaran. Binciken da aka yi a makarantu 18 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 26 cikin 100.

Saboda haka iyaye suna da aiki na biyu, wato neman haƙƙi. Makarantar da ƙofarta take kallon babban titi, a nemi ta buɗe ta lungu. A kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma takarda mai sa hannun iyaye, a nemi tudun rage gudu da injiniya ya auna, maimakon wanda matasa suke tarawa da ƙasa cikin fushi bayan an buge yaro. A hana ajiye adaidaita da kasa kaya daf da ƙofar makaranta, domin su ne suke rufe wa yaro gani. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano kuma, ina roƙon su haɗa kai da makarantun mazaɓun Gyaɗi-Gyaɗi biyu: kowace makaranta ta ajiye littafi, a rubuta wuri da lokaci da irin abin hawa duk sanda aka buge ɗalibi ko aka kusa. A zaɓi makarantu kaɗan a fara horon bakin titi da iyayensu a zango mai zuwa, a kwatanta su da waɗanda ba a fara ba, a kawo sakamakon gaban taro.